Labaran Bayan Isha: Yadda Aikin Yake Tafiya

Lahadi, 3 ga Nuwamba, 2024

Maigidana ya dawo daga kasuwar Gujungu da littattafan rubutu biyu da na roƙe shi ya taho mini da su. Ɗaya na labaran ne, ɗaya kuma wannan da nake rubutu a ciki, don in riƙa ganin inda aka kwana. Niyyata gajerun labarai bakwai kafin azumi, kowanne kada ya haura kalma 1,500, yadda za a iya karanta shi a zama ɗaya kafin barci ya ɗauke yara.

Irin labarin da nake nufi shi ne wanda tsigar jikin mutum za ta tashi a tsakiyarsa, dodo da aljanu da duhun fadama duk suna ciki, amma in an kai ƙarshe ya ji wani sanyi ya sauka a ransa.

Dalilin da ya sa na fara yanzu ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda yake ƙasar Taura. Tun daren Talata 15 ga Oktoba da tankar mai ta kama da wuta a Majiya, mutum sama da 150 suka rasu, babu gidan da bai je gaisuwa ba. 'Yan aji huɗu da nake koyarwa suna gyangyaɗi da hantsi domin ba sa barci da dare. In sun farka suna kuka, abin da ake ce musu shi ne, "Yi shiru, ba komai." Su kuwa sun san akwai komai. Waɗannan yaran ne dai suka kwana a azuzuwan makaranta lokacin ambaliyar 2022, suna kallon katangun gidajensu na narkewa kamar gumba a ruwa. Ba ni da maganin abin da ke damun su. Abin da na iya shi ne labari.

Juma'a, 15 ga Nuwamba

Farin wata tar, kamar ka tsinci allura. Na ɗauki waya na tafi wajen Kaka bayan isha, yara wajen goma sha biyar suka biyo ni. An gama yankan dawa, zangarniya jibge a gefen rumbu, ƙaiƙayi na tashi, aka shimfiɗa tabarma biyu a tsakar gida. Da na ce mata ɗaukar muryarta zan yi, sai ta ce, "Kishiya, sai da haƙorana suka zube za ki zo neman muryata?" Daga nan ta gyara zama. "Ga ta nan, ga ta nanku." Yara suka amsa baki ɗaya, "Ta zo mu ji ta."

Ta yi huɗu. Biyu na Gizo da Ƙoƙi, aka yi dariya aka wuce. Ta ukun ta Dodo ce, wanda ya haɗiye gari sukutum, da shanu da mutane da turame. Kaka ba ta tausasa komai. Ta kwaikwayi ƙarar haɗiyar da maƙogwaronta, ta faɗi yadda duhun cikin Dodo yake wari. Ni kuwa ba ita nake kallo ba, yaran nake kallo. Duk sa'ad da muryarta ta yi ƙasa sai su matso. Wata ƙaramar jikarta ta cusa kai cikin zanenta, ta bar kunne ɗaya a waje. Wani yaro ya riƙe babban yatsan ƙafarta bai ma san ya riƙe ba. Ita kuma bakinta na ba da tsoro, hannunta na shafa kan wanda ya fi kusa. Da ta ce "Ƙurunƙus kan kusu, ba don Gizo ba da na yi ƙarya," sai ka ji numfashi ya sauka gaba ɗaya, kamar an sa wa ƙofa sakata.

A hanyar gida na gane wahalar da ke gabana. A tatsuniya, duhun yana cikin labari, tausayin kuma yana jikin mai ba da shi. Cinyar Kaka ce rabin labarin. Shi ya sa in ka karanta tatsuniyoyin Hausa da wani Bature, Frank Edgar, ya tattara ya buga a littafi uku tsakanin 1911 da 1913, za ka same su cike da kisa da haɗiya da yankan kai, ka ce wane irin mutane ne ke gaya wa 'ya'yansu wannan. Takarda ta kwaso maganar, ba ta kwaso hannun da ke shafa kai ba. Yarinyar da za ta karanta nawa a waya, ita kaɗai a ɗaki, babu zanen da za ta ɓuya a ciki. Ke nan dole cinyar nan ta shiga cikin labarin kansa.

Laraba, 27 ga Nuwamba

Labari na ɗaya, "Dodon Fadama", na rubuta shi sau biyu.

A na farko yarinya ta je wurin Dodo neman ƙaninta da ruwa ya tafi da shi, Dodo ya ji tausayinta ya amayo shi da rai, aka koma gida ana guɗa. Na karanta wa yara ranar Asabar. Kafin in kai rabi, biyu sun fara wasa da tocila. Kaka tana gefe tana ɓarar gyaɗa, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Dodon da ba ya cin mutum ai tunkiya ce."

Gaskiyarta. Kuma akwai abin da ya fi wannan nauyi: a cikin masu saurarona akwai wadda ruwa ya ci ƙaninta da gaske, kuma babu wanda ya amayo mata shi. Ƙarya na yi mata, ita ma ta san ƙarya ce.

Na sake shi daga tushe. Yanzu yarinyar ta kutsa cikin kacalla har inda tsawonta ya shanye ta, ta tarar da Dodo kwance, bakinsa kamar ƙofar zaure. Ta ce ya ba ta ƙaninta. Ya ce abin da ya wuce maƙoshinsa ba ya dawowa, kuma ba ya ma tuna abin da ya ci, yunwa ce kawai ke tashinsa. Ta ce to ba za ta tafi ba sai ya tuna. Ta zauna ta yi ta ba shi labarin yaron: giɓin haƙorinsa, yadda yake kiran akuya "kuya", yadda ba ya cin tuwo sai da ƙanzo. Kwana uku tana yi. A na ukun Dodo ya yi wani irin nishi, ya tofo takalmin roba ƙafa ɗaya, shuɗi, wanda aka ɗinke maɗaurinsa da zaren buhu. Ya ce, "Na tuna shi. Bai daɗe yana jin tsoro ba." Ita kuma kafin ta tashi ta dama furar da ta yi guzuri, ta sha rabi, ta tura masa ƙwaryar, domin ta san yunwa, ta kwana da ita a ajin makaranta.

Jiya na karanta wannan. Tsit, har kukan gyare ake ji. Da na gama wani ya ce, "Malama, ya dawo mata da shi daga baya?" Na ce a'a. Yarinyar da nake jin tsoron idonta ba ta ce uffan ba, ta tashi ta tafi. Raina ya ɓaci, na kwana ina tunanin ko na fama mata miki ne. Yau da aka tashi daga makaranta ta tsaya a bakin taga har kowa ya watse, ta ce, "Malama, yau ma za ki karanta na takalmin?"

Asabar, 14 ga Disamba

Sanyi ya sauka, hazo ya rufe gari, zaman tsakar gida ya koma ɗakin girki kusa da murhu.

Labari na biyu ya kai ni gaban Kawu. So nake in rubuta uwa da ta rasu tana dawowa da magariba tana yi wa ɗanta waƙar reno. Na san maganar fatalwa ba ta da gindi a addini, don haka na je na durƙusa a zaurensa bayan ya sallami almajirai, na ce, "Allah ya gafarta Malam, tambaya ce da ni, amma ta labarin ƙirƙira ce." Ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce wanda ya rasu yana barzahu, ba ya dawowa yawon duniya, kuma bai so in dasa wa marayu tsammanin abin da ba zai yiwu ba. Aljanu kuwa, ya ce, halittar Allah ce, daga wuta aka yi su, ga sura guda ta 72 da sunansu, cikinsu akwai na kirki akwai miyagu. Sharaɗinsa ɗaya: kada in nuna mutum yana roƙon aljani ko yana yi wa itace yanka.

Na fito ina ganin an rushe mini labari. Ashe gyara shi aka yi. Da ina tsallake tsamiyar bayan makaranta, wadda tun muna yara ake hana mu zama ƙarƙashinta da tsakar rana ko da almuru, sai abin ya zo mini. Ba uwar ce ke dawowa ba. Aljanar tsamiya ce, wadda ta shekara tara tana jin matar nan tana waƙa in ta zo tsintar tsamiyar kunu. Da matar ta rasu, shirun ya dami aljanar, ta fara maimaita waƙar da muryar da ta haddace, don kanta, ba don kowa ba. Yaron ya ji. Ya fara zuwa kullum da magariba ya jingina da gindin itacen. Amma ɗan Adam ba ya zama da aljan ya ƙare lafiya: ya daina cin abinci, wuyansa ya zama kamar sillen kara. Aljanar tana ganin haka daga sama. Ita ma ba ta da kowa sai shi. A daren ƙarshe ta tattara muryar uwar gaba ɗaya, ta yi masa tsawa irin ta uwa, ta ce, "Tashi ka tafi gida, goggonka na nemanka. In ka sake zuwa nan ban yafe ba." Ya tafi yana kuka. Daga ranar tsamiyar ba ta ƙara yin waƙa ba.

Na kai wa Kawu ya karanta. Ya daɗe yana riƙe da takardar, sannan ya ce in gyara "magriba" ta koma "magariba" a shafi na biyu. Na ga ya share ido da bakin rawaninsa.

Litinin, 23 ga Disamba

Asara. Wayata ta ƙi kawo wuta, aka kai ta gyara, ta dawo babu ko ɗaya daga muryoyin Kaka. Tatsuniya goma sha ɗaya. Na rubuta shida a takarda tun farko, sauran biyar sai in ta yarda ta sake. Daga yau duk abin da na ɗauka, a daren zan tura wa ƙanwata ta WhatsApp ta ajiye, ko da zan hau tudun bayan gari neman sabis.

Alhamis, 9 ga Janairu, 2025

Labari na uku na marainiya ne da kishiyar uwa, irin wanda kowa ya sani: a aike ta wanke ƙwarya a ruwa mai nisa don ta halaka. Ina cikin karantawa, maƙwabciyata da ta shigo ɗibar wuta ta tsaya da kasko a hannu. Da yara suka watse ta ce, "Maman yara, mu dai kullum mu ne mugaye ko?" 'Ya'ya uku take riƙo na marigayiya uwargidanta. Ita ke yi musu kitso, ita ta kwana a asibiti da ƙaramar sati guda. Babbar tana cikin masu saurarona a daren.

Maganar ta tsaya mini. Na tuna abin da na taɓa karantawa game da Jacob da Wilhelm Grimm, 'yan'uwan nan na Jamus da suka tattara tatsuniyoyin ƙasarsu suka fara bugawa a 1812. A bugun farko, matar da ta sa aka kai yara biyu daji aka yar saboda yunwa, uwarsu ce ta cikinsu. Zuwa bugun 1840 ta koma kishiyar uwa. Abin ya yi wa masu karatu nauyi, sai aka sauke shi a kan wadda ba ta da mai kare ta. Mu ma haka muke yi. Muguntar da muke tsoron gani a cikin gida sai mu rataya wa baƙuwa.

Na juya labarin. Kishiyar uwar ce ta aike ta, haka ne, cikin fushi, da baƙar magana. Amma da rana ta faɗi yarinya ba ta dawo ba, ita ce ta ɗaura ɗamara ta bi sawunta cikin dajin da kuraye ke magana da muryar mutane. A bakin ruwan, 'yan ruwa suka ce ba sa sakin yaro sai ga uwarsa, kuma duk wadda ta yi ƙaryar uwa ruwa zai shanye ta. Ta tsaya ruwa iya gwiwa ta ce, "Ban haife ta ba. Ni na zage ta da safe. Ni ce kuma ba zan koma gida ba tare da ita ba." Inda na tsaya ke nan. Ban san ko ruwan zai karɓi wannan amsa kyauta ba. Ina jin sai ya karɓi wani abu daga jikinta, domin na lura duk inda tausayi ya zo a arha cikin labaran nan, yara ba sa yarda da shi.

Lahadi, 26 ga Janairu

Wannan shafin ya fi kowanne yi mini wuyar rubutawa.

Na huɗu na mayya ne. Na zuba duk abin da muka taso muna ji: ƙanƙarar maita a ciki, kama kurwa, kurwar ta zama ɗan tsako ko ƙadangare a ɓoye ta a tukunya, a tilasta wa mayya ta tsallaka mara lafiya kafin ya tashi. Na yi niyyar a ƙarshe a ga tana da zuciya. Na karanta rabin farko ranar Laraba, na ce sauran sai gobe. Ranar Alhamis aka zo aka gaya mini wasu yara sun yi ta jifan dangar wata tsohuwa da ke zaune ita kaɗai a ƙarshen gari. Cikinsu har da biyu daga masu zama a tabarmata.

Kowa ya san tsohuwar. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta ba su rayu ba, idonta ɗaya ya yi fari. Shekara da shekaru ana raɗa a kanta, iyaye na sa wa yara tafarnuwa a aljihu in za su wuce ƙofarta. Duk damina zazzabin cizon sauro na kwantar da yara, wasu su yi ta fizge-fizge suna sambatu, in suka ambaci sunanta a cikin zafin zazzabi shi ke nan an samu hujja. Na san duk wannan, amma na zauna na rubuta labarina kamar ba a garin nake ba.

Dodo ba shi da gida a unguwarmu. Aljanar tsamiya ba wanda zai jefe ta ya same ta. Mayya kuwa, da zarar ka ambace ta, yara sun san ƙofar da za su nufa. Na gwada gyara: in mai da ita mai tsinto kurwar yaran da zazzabi ya kora, tana dawo da su gida cikin zanenta da dare, mutane na ganin ta a ƙofar marasa lafiya suna cewa ita ta kama su. Labarin ya yi kyau a haka, har na so shi. Amma ko a hakan na tabbatar wa yara cewa tana ganin kurwa. Na cire shi daga cikin bakwai ɗin.

Jiya na dafa dambu na sa a kwano, na kira yaran nan biyu na ce su ɗauka mu je. Ƙafarsu na rawa. Muka yi sallama, na ce, "Iya, mun zo ba ki haƙuri ne." Tana zaune tana kaɗi, mazari na juyawa a kan 'yar fata, ga alli a yatsunta. Ta dube su da idonta mai gani ta ce, "Ku ne masu jifan? Hannunku da ƙarfi. To ku ɗaga mini dangar da kuka kayar." Suka ɗaga, suka ɗaure da igiyar rama. Da za mu tafi ta ba kowannensu aya cike da tafi. Ɗaya ya ci a hanya. Ɗayan ya riƙe tasa har gida, ban ce masa komai ba.

Talata, 11 ga Fabrairu

Wanda zai maye gurbin na huɗun ya samu, daga bakin wani dattijo masunci da ke kawo mana tarwaɗa. Na tambaye shi gaiwa. Ya ce, "'Yata, gaiwa ai ba kifi ba ce kamar sauran." In ruwan fadama ya janye, sai ta nutse cikin taɓo ta naɗe, majinar jikinta ta bushe ta zama mata kamar jaka, ta bar 'yar ƙofa ta shaƙar iska, domin huhu gare ta. Haka za ta zauna wata da watanni ba ci ba sha, jikinta take ci, har ruwa ya dawo. Ya ce da rani da fartanya ake haƙo ta, ba da koma ba.

A labarin, wata mai ginin tukwane ta je haƙar yumɓu ta ci karo da gaiwa mai magana, wadda ke riƙe da sunan duk wanda kogin Haɗeja ya taɓa ci. Kowane suna tana biyan sa da tsokar jikinta, saura ƙashi da ido. Tana neman wanda zai karɓi sunayen kafin ta ƙare. Kalma 600 na yi zuwa yanzu.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Gobe za a fara duban wata. Bakwai na ɗauka, huɗu ne a hannu: Dodo, tsamiya, kishiyar uwa, gaiwa. Ruwan ya karɓi muryar kishiyar uwar, ta dawo gida da yarinyar a goye amma ba ta ƙara magana ba, yarinyar ce ta zama bakinta a kasuwa da gidan biki. Maƙwabciyata ta ji shi, ta ce a bar shi haka.

Ƙanwata ta fara buga su a kwamfuta, tana fama da ƙ da ɗ da ɓ, sai ta bi kowane layi tana gyarawa. Kaka ta sake ba ni uku daga cikin biyar ɗin da suka ɓata, amma tari ya hana ta ƙarasa sauran, na ce ta huta sai bayan salla. Zaman dare ma mun ɗage shi, tarawihi za ta karɓi lokacin.

A zaman ƙarshe, daren jiya, muryata ta dushe saboda ƙura, na miƙa wa yarinyar nan littafin na ce ta karanta mana na takalmin. Ba ta buɗe shi ba. Da ka ta ba da shi, ƙananan suka matso jikinta, ɗaya ya kama gefen hijabinta. Ta canza abu ɗaya: a nata, takalmin ja ne. Na tambaye ta ko in gyara a littafi, ta ce e, ja ne, kuma ƙafar hagu ce. Na gyara da safe kafin in tafi makaranta.